Ɗakin Da Teobaldo Ya Kama A Lima

Akwai wani maƙwabcinmu a nan Punchana, unguwar da ke gefen garin Iquitos, sunansa Teobaldo Panduro, mai shagon kayan gyaran babur mai ƙafa uku. Duk direban da ya taɓa neman fulogi ko sarƙa a bayan kasuwa ya san shi. Mutum ne da bai yarda da kowa ba, kuma yana taƙama da hakan.

Idan dila ya kawo masa kwali a liƙe, sai ya farke shi a gaban mutumin ya duba kayan ɗaya bayan ɗaya. Idan zai sayi kifi a kasuwar Belén, da ɗan sikelinsa yake tafiya a aljihu. Ko gaisuwa ce ta yi tsawo, sai ka ga ya ƙanƙance ido yana jiran jin abin da za a roƙa.

"Shekarata arba'in da shida," in ji shi kullum, "ba a haifi wanda zai cuce ni ba."

Mahaifinsu, Don Eleodoro, tsohon tela ne. Yanar ido ta rufe masa idanu biyun, har ya kai ba ya gane mutum sai da murya. Ƙanwar Teobaldo, Nelsa, ita ce take zaune da tsohon tana kula da shi. Ita ta yi ta zirga-zirgar takardu wata takwas, har aka ba su rana a asibitin ido na Lima, babban birnin ƙasar: ranar Talata, sha bakwai ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe. Wanda ya rasa ranarsa, sai ya koma ƙarshen layi.

Mu nan Iquitos kun san halin da muke ciki, babu titin da zai fitar da mutum daga gari. Ko ka bi sama, ko ka bi ruwa. Don haka dole a nemi tikitin jirgi na mutum uku, a kuma nemi wurin kwana.

Nelsa ta zo shagon da ɗan kati a hannu.

"Ñaño," ta ce, haka take kiran yayan nata tun suna yara, "matar nan ta layinmu da aka yi wa aiki bara ta ba ni wannan. Gidan baƙi ne na wata Doña Grimanesa, layi uku tsakaninsa da asibitin. Akwai ɗaki a ƙasa, Baba ba sai ya hau bene ba. Mu kira ta mu kama. Tikiti kuma mu je ofishin kamfanin jirgin da ke titin Próspero mu saya a hannunsu."

Teobaldo ya karɓi katin ya juya shi gaba da baya.

"Ita matar layin naku nawa ake ba ta idan ta kai mutum?"

"Haba ñaño. Taimako ta yi."

"Babu mai taimako haka kawai. Bar min wannan, ni zan yi."

Kwana biyu ya yi yana bincike a wayarsa. A rana ta uku ya faɗa wani shafi mai tambarin akwati da fukafukai. Shafin ya haɗa komai wuri ɗaya: zuwa, dawowa, da masauki. Ya rubuta sunan gidan Doña Grimanesa don gwaji, sai ga shi ya fito, har da hoton ƙofar gidan mai koren fenti da tukwanen fure. Farashin kuma ƙasa da duk inda ya duba.

A saman hoton wani jan rubutu yana ta walƙiya: saura ɗaki ɗaya, mutum goma sha ɗaya suna kallonsa yanzu. Agogo yana ƙirga mintuna a gefe.

Mutumin da yake auna kifi sau biyu, cikin minti huɗu ya zuba lambobin katin bankinsa.

Ya je ya buga takardar, ya sa ta a leda, ya kai gidan tsohon yana kaɗa ta.

"Ga shi nan. Gida ɗaya, ɗaki ɗaya, ba tare da na roƙi kowa ba."

Nelsa ta karanta takardar har ƙasa. Ta ce, "To ka kira matar ka ji ko sunanmu ya iso mata?"

"In kira ta in ce me? Ga tabbaci a rubuce. Ke kin fi yarda da bakin mutum a kan rubutu?"

"Su waye masu shafin? Ina ofishinsu?"

"Na'ura ce, Nelsa. Ba ta da 'ya'yan ciyarwa, ba ta da kuɗin haya. Me zai sa ta yi min ƙarya?"

Nelsa ta mayar masa da takardar. Amma washegari da safe, bayan ta ba tsohon shayi, ta ɗauki katin ta kira. Ba a ɗauka ba, sai ta bar saƙo: sunan yayanta, ranar zuwansu, da lambar wayarsa, tunda takardar da sunansa take. Ta ƙara da cewa mahaifinsu ba ya gani.

Ranar Lahadi suna cin abincin rana su uku, wayar Teobaldo ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce ta Lima. Ya buɗe murya yadda kowa zai ji, kamar yadda yake yi wa duk lambar da bai sani ba.

"Barka da rana. Da Señor Panduro nake magana? Sunana Grimanesa, mai gidan baƙin da ke kusa da asibitin ido."

Teobaldo ya ajiye cokali.

"A ina kika samu lambata?"

"An bar min ita a saƙo. Señor, na duba littafina, babu sunanka. Wannan shafin da ka biya, ni ba na hulɗa da su. Hotunan gidana kawai suka ɗauka. Babu abin da ya iso min daga wurinsu, kuma ba zai iso ba."

"To sai me?"

"Ɗakin ƙasa yana nan babu kowa a makon. Idan kana so zan riƙe maka shi zuwa Juma'a. Ba sai ka turo komai ba, ka ce min eh kawai, idan kun zo ma yi magana."

Teobaldo ya yi wata dariya ta hanci. Ya kalli ƙanwarsa, ya kalli wayar.

"Na gane. Kin karɓa a hannun shafi, yanzu kuma kina so ki karɓa a hannuna. Sau biyu a kan gado ɗaya. Señora, da jin muryarki kin girma, ki ji kunya. Tsohuwar ɓarauniya kawai."



"Ɗana, ka saurare ni. An ce mahaifinka ba ya gani."

"Ni ba ɗanki ba ne. Ɗakin da kike cewa za ki riƙe, ki ba duk wanda kika ga dama. Ni ina da takarda, kuma ranar da na zo za ki buɗe min ƙofa ko na zo da 'yan sanda."

Ya kashe wayar. Sannan ya juyo kan Nelsa.

"Ke kika ba ta lambata."

"Ni ce."

"Me kuka shirya? Ita ta tsorata ni in sake biya, ke kuma ta ɗan gutsura miki?"

Nelsa ta tsaya da faranti a hannu. Wannan mace ce da ta bar aikinta a kantin magani shekara uku don ta riƙa yi wa tsohon wanka da girki. Ta kwashe kwanukan ta shige kicin.

Don Eleodoro ya laluba ya sami hannun ɗansa. "Teobaldo, wannan maganar ba ta da kyau."

"Baba, kai ba ka san mutanen yanzu ba."

Daga ranar Nelsa ta daina ce masa ñaño. Idan dole ta yi masa magana, sai ta faɗi abin da ya kawo ta ta wuce.

Ranar Litinin, jajibirin aikin, suka je filin jirgi. Suka bi layi har teburin kamfanin jirgin. Ma'aikaciyar ta karɓi katunansu, ta danna, sai ga takardun shiga jirgi guda uku sun fito. Teobaldo ya ɗaga su sama kamar wanda ya ci kofi.

"Ga damfarar nan, Nelsa. Kin gan ta? Har da kujerar taga."

Ma'aikaciyar ta ce, "Señor, na zuwa kawai nake gani a sunanku. Kuna da na dawowa?"

"Yana nan, lambarsa daban."

"Da ka ba ni na duba maka, ba zai ɗauki minti ɗaya ba."

Ya matse ledar a ƙirji. "Don ki ce min babu, ki sayar min da wani? Na gode. Ku dai duk bakinku ɗaya."

Yarinyar ta ɗaga kafaɗa ta kira na bayansu.

Sun sauka Lima da yamma, gari ya yi toka-toka, ga yayyafin nan nasu mai shiga ƙashi. Tsohon yana sanye da rigar da ya saba sawa a gida, tun a tasi haƙoransa suka fara haɗuwa. Direban ya ajiye su a gaban ƙofa mai koren fenti da tukwanen fure, daidai yadda take a hoto.

"Kin gani ko?" in ji Teobaldo. Ya danna ƙararrawa.

Wata gajeriyar dattijuwa ce ta buɗe, da rigar sanyi ruwan ƙasa, tabarau yana rataye a wuyanta da zare. Teobaldo ya zaro takardar ya miƙa mata tun kafin gaisuwa.

"Panduro. Ɗakin ƙasa. Kwana shida."

Ta sa tabarau, ta kalli takardar, ta kalle shi.

"Na gane muryar," ta ce. "Señor, na riƙe ɗakin har Asabar, na ƙara maka kwana ɗaya ko za ka huce ka kira. Ba ka kira ba. Yanzu wata mata ce daga Huancavelica a ciki da mijinta, jiya aka yi masa aiki. Gidan a cike yake."

"Ƙarya ne. Nuna min ɗakin."

"Ba zan buɗe maka ɗakin marar lafiya ba."

"To zan kira 'yan sanda."

"Ofishinsu yana kwanar can, hannun dama. Sun san ni, sun san irin takardar nan ma. Amma kafin ka je ka dawo, tsohon nan ya shigo daga cikin ruwa."

Teobaldo ya tare ƙofar da hannu. "Babu inda zai shiga. Idan ya taka cikin gidanki sai ki ce mun kwana."

A nan ne Nelsa ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ture hannun yayanta, ta kama mahaifinsu, ta shigar da shi. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Teobaldo ya tsaya a bakin titi ya buɗe shafin. Ya nemi lambar waya, babu. Sai wani ɗan akwatin hira a ƙasa. Ya rubuta duk abin da ya faru. Amsa ta zo nan take: muna farin cikin taimaka maka, zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan. Ya zaɓa. Amsar ta sake zuwa, ita ce dai ba canji. Ya rubuta zagi. Aka ce masa ana farin cikin taimaka masa.

Ya je wurin 'yan sandan. Wanda yake kan tebur ya kalli tambarin akwati mai fukafukai, ya ce, "Wani kuma?" Ya miƙo masa fom.

Daga nan ya shiga bin layukan unguwar yana neman wani masauki. Na farko a cike. Na biyu sai hawa na huɗu, babu na'urar hawa. Na uku mai gadin ya ce akwai, amma da Teobaldo ya leƙa ya ga gadon da warin ɗakin, shi da kansa ya san ba za a kwantar da mai sabon aikin ido a nan ba. Sauran kuma suna can nesa, inda cunkoson safe zai iya hana su isa ƙarfe bakwai.

Sai da duhu ya shiga ya dawo ƙofar mai koren fenti, rigarsa a jiƙe, ledar takardar a hannu. Ya daɗe kafin ya danna ƙararrawa.

Ya tarar da mahaifinsa a kicin, an lulluɓe shi da bargo, yana shan romon kaza yana ba Doña Grimanesa labarin yadda ya ɗinka wa wani limamin coci riga ta yi masa kaɗan. Nelsa tana fito da kwandunan zannuwan gado daga wani ɗan ɗaki a bayan kicin.

"Ɗakin guga ne," in ji Doña Grimanesa. "Gado ɗaya zai shiga, da katifa a ƙasa. Na tsohon da 'yarsa. Kai kuma ga benci a zaure, zan ba ka bargo."

Ko a lokacin halin bai sake shi ba. Ya ce, "Me za ki caje mu? Ki rubuta min a takarda ki sa hannu."

Nelsa ta rufe ido. Dattijuwar kuwa ta goge hannunta, ta buɗe wata durowa, ta ɗauko jakar takardu ta ajiye masa a kan tebur.

"Tunda takarda kake so, ga takardu."

Ya buɗe. Irin tasa ce sak, hoton ƙofar nan, jan rubutun nan. Sai dai sunayen mutane daban, tambarin ma daban. Wata da akwati mai fukafukai, wata da jirgi mai murmushi, wata da dabino da rana. Sun fi ashirin. Daga Tumbes, daga Puno, daga Tarapoto.

"Duk nan suka tsaya inda ka tsaya," ta ce. "Dukansu da marar lafiya suka zo. Na kai ƙara sau uku. A rufe shafin yau, jibi ya buɗe da wani suna. Shi ya sa duk wanda na samu lambarsa nake kira. Wasu su gode, wasu su zage ni."

Teobaldo ya yi ta juya takardun yana neman inda dabarar take. Ya duba kwanan wata, ya duba ko rubutun hannu ɗaya ne. Bai sami komai ba. Ya rufe jakar a hankali. Ta zuba masa romo, ya sha bai ɗago kai ba.

Washegari shida da rabi suna bakin asibiti, a ƙafa suka je. Aka shiga da tsohon, kafin azahar aka fito da shi da bandeji a ido ɗaya. Likita ya ce aiki ya yi kyau, ɗaya idon kuma sai bayan wata uku. Ya ce bayan kwana biyar zai iya hawa jirgin sama, amma ban da ƙura, ban da doguwar tafiyar mota ko ta ruwa.

Ranar Laraba aka cire bandejin. Da suka dawo gida Doña Grimanesa ta buɗe musu ƙofa, tsohon ya tsaya ya ƙare mata kallo da sabon idonsa, daga sama har ƙasa.

"Teobaldo," ya ce, "wannan ce ɓarauniyar taka? Ni na ɗauka za ta fi haka girma."

Dattijuwar ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Nelsa ma ta yi. Teobaldo ne kaɗai bai yi ba.

Da dariyar ta lafa, Doña Grimanesa ta ce masa, "Señor, ba shiga harkarka zan yi ba. Amma waɗanda suke cikin jakar can, da yawansu na zuwa kawai aka saya musu. Ka je ofishin kamfanin jirgin da ƙafarka, yau, ka nuna musu lambar dawowarku."

Wannan karon bai tambaye ta nawa kamfanin yake ba ta ba. Ya ɗauki rigarsa ya fita.

A ofishin, wani ma'aikaci mai furfura ya shigar da lambar. Ya sake shigarwa. Sannan ya juyo masa da fuskar kwamfutar.

"An taɓa riƙe kujeru uku da wannan lambar, na kwana ɗaya. Ba a biya ba, suka saki. Tun watan jiya ta mutu."

"Amma ni na biya."

"Ba mu ka biya ba, Señor. Da a wurinmu ka saya, ko da matsala ta taso ni zan gyara maka a nan. Wannan kuwa ban san ma wa zan kira ba."

"To ba ni uku, ranar Lahadi."

Mutumin ya girgiza kai. "Makon bikin San Juan? Duk ɗan Iquitos da ke Lima gida zai tafi. Lahadi babu, Litinin da safe akwai biyu da wasu suka fasa. Bayan su sai wata mai kamawa."

Teobaldo ya tsaya yana kallon allon. Da ma abin da ya rage masa ba zai ɗauki zaman kwana goma a Lima ba, ga shago a rufe. Ya ce a ba shi biyun, da sunan mahaifinsa da na ƙanwarsa. Ya karɓi takardun, ya sa mutumin ya karanta masa su da baki, sannan ya ce ya gode. Mutumin ya ce babu komai.

Ya tarar da Nelsa a tsakar gida tana shanya tawul. Ya miƙa mata tikitin. Ta duba ta ga suna biyu.

"Kai fa?"

"Zan bi mota zuwa Pucallpa, in hau jirgin ruwa."

"Kwana biyar ke nan ko shida. Za ka rasa bikin."

"Na sani." Sannan ya ce, "Nelsa, maganar da na faɗa miki a gaban Baba. Ban san me ya shiga kaina ba."

Ta ci gaba da shanya. "Na sani ni. Abin da yake kanka kullum ne. Shekara uku ina wanke wa Baba jiki, ba ka taɓa tambayata ko na gaji ba. Ranar da ka buɗe baki ka yi min tambaya, sai ka tambaye ni nawa aka gutsura min."

"Ki yafe min."

"Zan yafe. Amma ba yau ba, ka bar ni in gama jin haushina."

Ya karɓi wannan, don bai cancanci fiye da haka ba.

Ranar da zai kama hanya, ya sami Doña Grimanesa tana shara a zaure. Ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce, "Doña, na kira ki da sunan da ba naki ba."

Ta jingina tsintsiyar. "Zagin bai dame ni ba, na saba. Abin da ya tsaya min a rai, yadda ka tare ƙofa da hannu tsohon yana rawar sanyi a bayanka. Ka fi tsoron a ce an cuce ka a kan mahaifinka ya kwanta ciwo. Wannan ka je ka yi tunani a kai, hanya tana da tsawo."

Ta ba shi ƙunshin burodi da cuku, ta ce idan za su dawo aikin ɗaya idon ya kira ta da kansa. Ya rubuta lambar a wayarsa a gabanta.

Hanyar kuwa ta yi tsawo. Motar ta hau duwatsu har kansa ya riƙa sarawa, ya yi amai sau biyu. A Pucallpa ya kwana biyu yana jiran jirgin ya cika da kaya. Ya sayi lilon kwanciya, ya ɗaura shi a bene na biyu tsakanin mutum kusan ɗari biyu, kowa kafaɗa da kafaɗa, ga buhunan albasa, ga kaji a keji. Ranar San Juan a tsakiyar kogi ta same shi. Nelsa ta turo masa hoton tsohon zaune a ƙofar gida yana kwance ganyen juane, ƙunshin shinkafa da kaza na bikin, da kansa. Ba ta rubuta komai a ƙasan hoton ba, amma ta turo.

Kwana biyun farko a jirgin, jakarsa ba ta bar jikinsa ba. Da ita yake kwana, da ita yake bin layin abinci. Wanka kuwa bai yi ba, don banɗakin jirgin jiƙe yake ko'ina, babu inda za a rataya jaka.

A lilon da ke kusa da nasa akwai wata tsohuwa mai zuwa Requena da kwandon ayaba. A rana ta uku da hantsi ta toshe hanci ta ce, "Bawan Allah, don girman Allah ka je ka yi wanka. Kajin nan ma sun fara ƙorafi."

Mutanen gefe suka kwashe da dariya. Teobaldo ya kalli jakar. Wayarsa tana ciki, da katin banki, da duk abin da ya rage masa. Ya kalli tsohuwar. Bai san sunanta ba, bai san gidansu ba, kuma jirgin yana gab da tsayawa a wani ƙauye inda mutane za su sauka.

Ya cire jakar daga wuyansa ya ajiye mata a cinya.

"Mama, ki riƙe min."

"Je ka," ta ce, ta ɗora gwiwar hannu a kai ta ci gaba da ɓare ayabarta.

Ya ɗauki sabulu ya nufi matakala. Shi da bakinsa ya gaya min cewa sau ɗaya kawai ya waiwaya. Tsohuwar ta ɗaga masa hannu ta ce, "Ka cuɗa bayan kunne!"

Darasi: Zargin kowa ba wayo ba ne. Teobaldo ya zargi ƙanwarsa, ya zargi dattijuwar da ta kira don ta cece shi, ya zargi ma'aikaciyar da ta nemi duba masa tikiti, amma ya miƙa katinsa ga shafin da ba shi da fuska, ba shi da ofis, ba shi da lambar waya. Idan za ka yi tafiya, musamman da marar lafiya, ka nemi masu masaukin da kamfanin jirgin kai tsaye. Idan kuma ta wani shafi ka saya, ka kira su da kanka ka ji sunanka daga bakinsu, zuwa da dawowa, kafin ka ɗauki jaka. Kuma kada tsoron a cuce ka ya sa ka wulaƙanta mai son ka da alheri. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila yanzu haka wani yana kallon jan rubutun nan mai cewa saura ɗaki ɗaya.